Bidiyon da Ya Tashi Ruga

Ban koma makaranta don ina ƙaunar karatu ba, kada ma wani ya yaba mini. Tara mu aka yi a Wurno, mu malaman firamare masu tsohuwar takarda, aka ce duk wanda bai ƙaro ilimi ba ya fara tunanin wata sana'a. Ni kuwa ban iya komai ba sai riƙe alli da yi wa yara tsawa. Haka na shiga karatun ƙarshen mako a Sakkwato, da goyo a bayana, ina kuma koyarwa a Kwargaba daga Litinin zuwa Juma'a.

Ranar Asabar ba ta da daɗi a gidanmu. Tun Juma'a da yamma nake tuƙa tuwon da za a ɗumama, in wanke kayan yara, in je in durƙusa wa uwar mijina don ta riƙe mini manyan. Da asuba ɗan kabu-kabu ya kai ni bakin titi, in shiga motar da ke bi ta Achida, a matse ni tsakanin buhunan albasa. Kafin in isa aji ni da jaririyata duk mun zama albasa, har wata 'yar birni da muke zama benci ɗaya ta riƙa matsawa tana gyara mayafi. Dole kuma in baro Sakkwato da sauran rana, don hanyarmu ba ta shiga duhu ba ce a shekarun nan. Maigidana manomin albasa ne, bai taɓa hana ni ba, bai kuma taɓa tambayata abin da aka koya mana ba. In na dawo yakan ce sannu da hanya, ya ci gaba da tsince ruɓaɓɓu daga cikin rudunsa na ajiyar albasa.

Cikin darussan duka, wanda ya fi ci mini rai shi ne fasahar koyarwa. Malamin mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba, amma da ganinsa bai taɓa kwana a ƙauye ba. Yakan tsaya ya yi mana bayanin allon da ake taɓawa da yatsa ya kawo hoto, da majigi, da yadda yaro zai yi karatu daga gida ta waya. Ni ina zaune ina tuna ajina da ba shi da ƙofa, wanda sai na kori awaki na share kashinsu kafin mu zauna. A ɗakin kwamfuta layi ake yi, in ya zo kaina jaririya ta fara kuka, in ba na baya wuri. Har zangon ya yi nisa abin da na sani game da kwamfuta shi ne tana da zafi ta baya.

Abin da ya sa ban jefar da komai ba shi ne yaran ruga da ke cikin ajina. Akwai wata tsohuwar Bafulatana da ke kawo mana nono, muna ce mata Inna. Tana zuwa da jikarta, siririyar yarinya mai ido kamar na ɗan maraƙi. Wata rana na tarar da yarinyar ta tsuguna gaban buhun taki tana bin rubutun jiki da yatsa. Daga ranar na sa Inna a gaba da magiyar a sa ta makaranta. Duk zuwanta sai na tayar da maganar, ta yi dariya ta ce boko ba ya tatsar saniya. Damina ta wuce, rani ya wuce, sannan ɗanta, uban yarinyar, ya yarda a gwada. Ranar da Inna ta kawo ta, ta ɗora hannun yarinyar a nawa ta ce amana ce. Da sauran gidajen rugar suka ga ba abin da ya same ta, sai su ma suka sako nasu, har suka cika tabarma guda a gefen taga. A duk shekarun da na yi ina koyarwa, wannan tabarmar ce kaɗai abin da zan nuna in ce ni na yi.

Yarinyar kuwa kanta wuta. Ba ta da surutu, amma ba ta iya ganin tambaya ta wuce ba ta ɗaga hannu ba.

Sai malamin fasaha ya ba mu babban aikin zango, wanda ya ce shi ne kusan rabin makin. Kowa ya ɗauki bidiyon kansa yana koyar da ajinsa, ya aika ta intanet. Ya ja mana kunne a kan abu biyu. A yi kayan koyarwa da abin da ke cikin garin, kuma a fara daga abin da yaro ya sani a gidansu kafin a kai shi ga wanda bai sani ba. Ya ce duk yaron da zai amsa tambaya ya faɗi sunansa da inda ya fito, don a tabbatar aji ne na gaske, ba 'ya'yan maƙwabta aka tara ba.

Wannan karon na ce ko ni ma zan nuna wa 'yan birni. Na zaɓi darasin haɗa lissafi. Na ɗebo laka daga fadama na gina 'yan shanu da awaki, ina gini ina duba tukunya, na shanya su a kan katanga, kaji suka fasa rabi na sake wasu. Na ari babbar wayar maigida, hedimastanmu ya yarda zai riƙe. Ranar ɗauka na sa yara suka wanke fuska, na ci ɗamara, na fara.

Darasi ya tafi yadda nake so. Na tambayi ɗan wani manomi awakin gidansu, ya faɗa, muka jera na laka muka haɗa da na maƙwabcinsa. Sai na ga hannun yarinyar a sama. Ta tashi ta faɗi sunanta da na rugarsu kamar yadda na koya musu. Ni kuma na ce ta gaya mana shanu nawa ne a garken babanta, nawa ne a na baffanta, ta haɗa mana.

A Wurno aka haife ni, da Fulani na tashi. Na san Bafulatani ba ya ƙirga shanunsa a gaban mutane, ko ɗan'uwansa ba ya tambayarsa yawansu. Kowa ya san wannan, har hedimastan da ke riƙe da waya yana murmushi. Amma a lokacin ba Kwargaba nake ba, ina Sakkwato a cikin kaina, ina jin muryar malami yana cewa a fara daga abin da yaro ya sani. Yarinyar ta waiwayi 'yan tabarmarsu, duk suka sunkuyar da kai. Na ce mata kada ta ji tsoro. Ba ta taɓa barin tambayata ta faɗi ƙasa ba, don haka ta faɗa, ta haɗa, ta samu daidai. Na sa aji ya tafa mata.

Aikawa ta zama wani sabon bala'i. Bidiyon ya yi nauyi, sabis ɗinmu kuma sai an hau tudun bayan makaranta an ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Ya tafi ya tafi, ya kusa ƙarewa, ya katse. Data ta ƙare na sake sawa, ta sake ƙarewa. A makon jaririyata ta kama zazzaɓi, uwar mijina ta fara cewa wai wayar nake goyo ko yarinyar. Lokacin rufe karɓar aikin ya matso, sai wata abokiyar karatuna ta ce in kai wa mai caji a Achida, yana da kwamfuta, zai rage masa nauyi ya aika.

Duk wanda ya san masu cajin garuruwanmu ya san ba caji kaɗai suke yi ba. Su ne masu tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi da fina-finai a memori. In ka sayi uku, sai a ƙara maka wani abin dariya ko na mamaki a matsayin gyara, kamar yadda mai tumatir ke yi. Kuma duk abin da ya bi ta kwamfutarsu ya zauna ke nan. Mutumin ya rage bidiyon, ya aika, ya kalla har ƙarshe yana jinjina kai, ya ce bai san ana irin wannan karatu a Kwargaba ba. Na dawo gida ina jin kamar an sauke mini dutse.

Ba a daɗe ba na je suna a Rabah, wata 'yar'uwar maigida ta jawo ni gefe ta nuna mini kaina a wayarta. Ta ce mai cajin Achida ne ya yi mata gyara da shi, wai malamar ƙauye da 'yar Fulani mai lissafi. Mata suka taru suna kallo suna sa albarka. Ni kuwa kaina ya kumbura, har na ƙara cin shinkafa.

Litinin da ta biyo tabarmar gefen taga ba kowa. Talata ma haka. Ran Laraba ina tsakar gida ina tankaɗe sai ga Inna ta shigo ba ƙwarya a kanta. Ban taɓa ganinta ba ƙwarya ba. Ta ƙi tabarma, ta tsuguna a ƙasa. Ta ce ɗanta ya je kasuwar Achida, wani mutum da bai taɓa gani ba ya tare shi da fara'a, ya kira sunan rugarsu, ya gaishe shi da yawan shanunsa da na ƙanensa, bai yi kuskuren ko ɗaya ba. Ya ce a gaida 'yar makaranta, ya shige cikin mutane.

“Malama, mi munka yi maki?” in ji ta. “Ɗiya munka ba ki. Ba mu ba ki garke ba.”

Na ce, “Inna, wallahi aikin makaranta na. Malaminmu kaɗai ya kamata shi gani.”

“To, ga shi duniya ta gani. Kin san lokacin da muke ciki.”

Na sani. A ƙasarmu yanzu mai shanu ba ya barci. Masu bindiga na neman wanda ke da abin kora, wasu kuma na kallon kowane Bafulatani da ido ɗaya. Mutumin kasuwar zai iya zama mai wasa ne kawai, amma wa zai zauna ya jira ya gani?

Washegari na bar aji na tafi Achida ina huci. Na zazzage wa mai caji duk abin da ke bakina, mutane suka taru. Bai yi musu ba, shi a ganinsa ma talla ya yi mini. Ya goge a gabana, sannan ya ce in yi haƙuri, amma abin ya riga ya kai Goronyo, har daga Kagara an zo an ce a tura. Na tsaya ina kallon wayoyin da ke jere a teburinsa suna shan wuta, ban san wadda zan fara roƙo ba.

Maigida ya raka ni ruga. Uban yarinyar ya shimfiɗa mana buzu, ya sa aka kawo madara, ya yi ta gaisawa da maigida a kan damina da farashin dusa. Ni ko kallona bai yi ba. Da na fara ba da haƙuri sai ya ce ba komai, Allah Ya riga Ya rubuta. Na hango mata suna kwance bukkoki. Yarinyar ban gan ta ba, an ce ta bi maruƙa. A hanyar dawowa maigida ya yi magana ɗaya, ya ce da na tambaye shi da ya gaya mini. Na ce ai bai taɓa tambayata abin da nake yi ba. Kafin mako ya zagayo rugar ta tashi gaba ɗaya, har gidajen da 'ya'yansu ba su buɗe baki a bidiyon ba.

Asabar ɗin da aka dawo da sakamako, malamin fasaha ya ce aikina ya fi na kowa. Ya kunna janareto ya haska shi a bango da majigi, aji ya tafa, 'yar birnin nan har da rungume ni. Bayan an tashi na same shi na gaya masa abin da ya faru. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya cire tabarau ya yi salati. Ya ce ai akwai darasi guda a kan neman izinin iyaye da kare sirrin yara, amma yana cikin zango na biyu.

Na gama karatun, don ban ga amfanin bari ba. An ba ni takarda, aikina ya tsira. Ina nan a aji ɗaya ina korar awaki. Na sake zuwa wasu rugage neman yara, amma labarina ya riga ni isa, ana ba ni madara a sallame ni.

Bara na je Goronyo gaisuwar rasuwa, na bi ta kasuwa, sai ga Inna zaune a layin masu nono, ta rame. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba yabo ba fallasa. Ta ce sun yi arewa, can wajen iyaka, rabin shanun sun mutu a hanya saboda ba su san ruwan wurin ba. Na tambayi yarinyar. Ta ce tana nan lafiya, tana kiwo, babu makaranta a inda suke, ko da akwai ma ubanta ya rantse. Ta ce wani lokaci sukan gan ta tana zane a ƙasa da tsinke, in ta ji tafiya sai ta share da ƙafa.

Inna ta gyara murfin ƙwaryarta, ta dube ni.

“Ke fa, Malama, kin ci jarrabawar taki?”

Na ce na ci.

“To madalla,” in ji ta. “Ko ba komi, wani ya samu.”