Fuskar da Inna ba ta kallo

Shekara ashirin ke nan da muka rasa yayana Abubakar, wanda mutanen Zango da Baure suka fi sani da Habu Mai Rijiya. Ya rasu a daminar da aka fara shari'a a jiharmu, bayan ɗan gajeren zazzaɓi, ya bar matarsa Hajara da tsohon ciki. Duk shekara waina nake toyawa in raba sadaka, in yi masa addu'a, in ja bakina. Bana na kasa yin shiru, saboda abin da na gani a ɗakin mahaifiyarmu.

Yaya shi ne ɗan farin Inna, kuma Inna irin matan da ne. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Yayanku" take cewa, in ranta ya ɓaci ta ce "wancan". In ya shigo gaisuwa sai ta juya fuska wajen bango ta amsa wa bangon. Ko da gwamnati ta tura shi ƙasar Suwidin koyon haƙar rijiyar burtsatse, ta bakina ta yi masa Allah ya kiyaye hanya, alhali yana durƙushe a gabanta. Ranar da ya rasu, da aka gama yi masa wanka aka kira mu mu yi masa addu'a kafin a rufe fuskar, kowa ya shiga ban da ita. Ta zauna a bakin murhu da carbi a hannu ta ce, "Ku je, na yafe masa."

A can Turai ya yi aiki da Jamusawa da mutanen Holan, ya dawo da wata ɗabi'a ta bin diddigin kalmomi. Ina aji uku a sakandare, wata rana da la'asar ya same ni ina aikin gida na Turanci, ya ɗora yatsa a kan kalmar "like" ya ce, "Binta, kin san wannan 'yar ƙaramar abar gawa ce?" Na yi a'uziyya. Ya yi dariya, ya zauna a kan turmi ya warware mini. Ya ce kakannin waɗannan ƙabilu harshensu ɗaya ne, kuma a wurinsu kalmar jiki take nufi. In sun ce mutum biyu sun yi kama, cewa suke yi jikinsu ɗaya. Da suka rarrabu sai kowa ya riƙe ɓangarensa. Ingilishi suka riƙe kama, daga baya har da so, suka manta da jikin. Jamusawa suna cewa "Leiche", mutanen Holan "lijk", dukansu gawa suke nufi. Su kuma mutanen Suwidin ba su yar da ko ɗaya ba: "lik" a bakinsu gawa ce, kuma ita ce mai kama da wani.

Na ce, "To ai likkafani ma daga nan ya fito ke nan."

Ya ce, "Ke dai akwai gaggawa. Wannan na Larabawa ne, hanya ma ba ta haɗa su ba. A Holan ma akwai wata 'lik' ɗin, lasa ce kawai irin ta kyanwa. Ki riƙa tambayar asalin abu kafin ki ɗaura masa dangi."

Na ɗauki zancen hira ce ta wanda ya sha boko. Ban sake tuna shi ba sai da ɗansa ya fara girma.

Hajara ta haihu bayan arba'in. Aka mayar wa yaron da sunan ubansa, muke kiransa Audi kamar yadda ake kiran wanda bai tarar da mahaifinsa ba. Yana ƙarami kama ce irin wadda aka saba gani. Da muryarsa ta buɗe sai abin ya fara ba mu tsoro. In zai shigo gida sai ya tsaya a zaure ya yi gyaran murya kafin sallama, daidai yadda uban yake yi, kuma babu wanda ya koya masa. In yana tunani sai ya riƙa murza kunnensa na hagu. Bara a kasuwar Daura wani dattijo daga Babban Mutum ya riƙe masa hannu yana murna, yana cewa, "Injiniya, rijiyarka har yau ba ta ƙafe ba!" Sai kuma ya tuna ya bi gawar Injiniya da ƙafarsa har maƙabarta. Ya saki hannun a hankali, ya ja da baya yana salati, bai ko ɗauki buhun geron da ya ajiye ba.

Mu Musulmi ne, mun san wanda ya tafi ba ya dawowa. Na faɗa wa kaina haka sau ba adadi. Amma ni ma in na ji gyaran muryar nan daga zaure, sai na ajiye muciya na dafe ƙirji kafin in amsa.

Wanda abin ya fi ci shi ne Audi, ta wajen Inna. Duk jikokinta maza mazajenta ne, tana tsokanarsu, tana ce musu marowata, suna ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Shi kaɗai ne in ya shigo take jan mayafi ta juya wajen bango. Ko da yanar ido ta rufe mata gani ba ta daina ba, takunsa kawai take ji ta juya. Yana yaro yakan tsaya a bakin ƙofa yana kallon 'yan uwansa suna wawason goron kakarsu. Da ya girma sai ya rage zuwa.

Wani lokaci nakan ce da Yaya zai ga zamanin nan, me zai ce? Yanzu in mutum ya rasu, kafin a kai shi an sa hotonsa a waya, jama'a suna ta danna wannan kalmar tasa ta "like" a ƙarƙashin fuskar mamaci, ba wanda ya san abin da kakannin masu ita suke nufi da ita. Audi ma ya sa hoton ubansa kwanakin baya. Wasu abokansa suka ɗauka shi ne ya rasu, har da masu zuwa ta'aziyya gidan Hajara. Shi ya buɗe musu ƙofa.

Bana ya samu gurbin karatu a Kudu. Ya zo yi mini sallama da hantsi, ya ce, "Gwaggo, ba zan shiga wajen Inna ba. Ban san abin da na yi mata ba, kuma na gaji da gaida bango." Na san in ya tafi a haka ba lallai ya dawo ya same ta ba, don jikinta ya yi nisa. Na ja hannunsa har ƙofar ɗakinta.

Ya yi gyaran murya. Inna ta ja mayafi.

Na ce, "Inna, Audi ne. Tafiya zai yi mai nisa."

Ta ce, "Na san takun." Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ce masa ya matso."

Ya durƙusa. Ta miƙa hannu biyu, ta shafa goshinsa, ta bi hancin, ta sauko haɓa. Sai yatsanta ya koma kan girarsa ta hagu ya tsaya, yana laluben wani abu. Ta shafa, ta sake shafawa. Sai a lokacin na tuna Yaya yana da ɗan tabo a wurin, siriri, gashin gira ya rufe shi, wanda ya samu yana rarrafe ya faɗa kan dutsen murhu. Ni da na yi shekaru ina kallon fuskarsa na manta da shi.

Inna ta ce, "Babu tabon." Ta sauke numfashi. "Ashe ba shi ba ne. Allah ya jiƙan Abubakar."

Ran nan na fara jin sunan a bakinta. Kafin mu farfaɗo ta kama kunnen Audi ta murɗe ta ce, "Kai kuma da wannan uban hancin kake son in aure ka? Ina goron sallamata, marowaci?" Yaron nan ya kifa kai a cinyarta yana kuka yana dariya, ya ce, "Sai na dawo, tsohuwa, in kin jira ni."

Yaya ya bar rijiyoyi da har yau mata ke ɗiban ruwa a cikinsu, ina roƙon Allah ya sa ladan yana isa gare shi. Ya bar mini kalma guda da nake jin sanyi a jikina duk lokacin da na gan ta a waya. Ya bar fuskarsa tana yawo a Daura a jikin wani. Tabon ne kaɗai ya tafi da shi kabari, shi ma ashe akwai wadda ta adana shi, matar da muka yi zaton ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba. Allah ya haskaka makwancinsa, ya ba Inna kwanan da za ta karɓi goronta.