Rigar Yaya Iliya

Shekara biyar ke nan da rasuwar mahaifiyata, Mama Rifkatu, ana saura mako biyu Kirsimeti. Har yau in lokacin ya zagayo, haushin kaina nake ji.

A gidanmu na Gabukka, duk Disamba anko muke yi, yadi iri ɗaya, kowa da rabonsa. Yayana Iliya ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Aka gama yaƙi, abokansa suka dawo, shi ko wasiƙa babu. Amma Mama ba ta fasa ba. Duk shekara sai ta je Kasuwar Gombe wurin telanmu, Malam Sule, a ɗinka wa Iliya riga da tsohon awonsa.

A shekararta ta ƙarshe na kasa daurewa. Na ce, "Mama, gawa kike yi wa ɗinki? Yaya Iliya ya mutu!" Ta dube ni ta ce, "Saratu, mai bin Yesu ba ya gajiya da jira." Ta ɗauki yadinta ta fita. Bayan kwana tara zazzaɓi ya ɗauke ta, ban ba ta haƙuri ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da Gomben yau. Kuɗin mai ya shigo, kowa babur, kowa rediyo. A majami'a ana wa'azin salama, mu kuwa muna satar kallon leshin juna. Sojojin da yaƙi ya naƙasa suna nan zube a bakin tashar jirgin ƙasa, ko sannu ba mai ce musu. Anya Mama za ta kira wannan zaman lafiya?

Bayan jana'iza na buɗe akwatinta, ban ga rigunan ba ko ɗaya. Malam Sule ne ya warware mini da ya zo gaisuwa. Ya ce, "'Yata, ai ranar jajiberen Kirsimeti take karɓa, ta wuce tashar jirgi, ta ba sojan da ya yi tsayin Iliya. Takan ce wataƙila a can ma wata uwar tana suturta nata." Sannan ya miƙo mini ta ƙarshe, wadda ba ta samu karɓa ba.

Mama ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Begen nan ta bari, kuma ya fi ƙarfina. Ita da take jiran ɗanta, duk shekara bayarwa take yi. Ni da na ɗaga mata murya na ce ya mutu, shekara biyar rigar tana ƙasan akwatina, na kasa bai wa kowa ita.