Tsokar Yazid a Cikin Kaki

Mas'udu Gambo mutumin Kekun Waje ne, a ƙasar Bungudu, amma a Gusau ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Da shara ya fara a wani asibiti, daga baya aka mayar da shi ɗakin gwaje-gwaje yana wanke kwalabe. A lokacin akwai wani likita ɗan Masar da ba ya yarda a zubar da komai. In an yanko ƙari ko kaluluwa a jikin majiyyaci, sai a saka 'yar tsokar cikin narkakken kaki ta daskare kamar guntun sabulu, a fero kaɗan a duba da madubin likita, saura a jera a kabad. Mas'udu ne mai zuba kakin.

Yana da wa guda ɗaya, Yazid, direban babbar mota mai kai shanu kudu, wani zubin har Kamaru. Ƙato ne mai yawan dariya. A daminar 1986 ya dawo gida da zawo da tari, ga kaluluwa ta fito masa a wuya. Mas'udu ya kawo shi asibitinsu, aka yanko kaluluwar, shi da hannunsa ya zuba mata kaki. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce bai gane ba. Kafin a yanke gero Yazid ya rasu, ya rame har masu ɗaukar makara suna kallon juna saboda rashin nauyi.

Mahaifiyarsu, Inna Yelwa, ta ce ciwon ba na Allah ba ne. Ta ɗora wa matar Yazid, Wasila 'yar Tsafe, cewa mayya ce. Tana fita takaba aka mayar da ita gidansu da jariri a baya. Jaririn ya mutu, ita ma ta rame ta bi shi. A Kekun Waje aka ce alhaki ne ya kama ta, aka rufe maganar.

Likitan ya koma ƙasarsu, aka daina aikin kaki. Kabad ɗin ya zauna a ɗakin ajiya, makulli a aljihun Mas'udu. Guntun kakin Yazid kuwa ya naɗe shi a ƙyalle ya tura can ƙurya.

Shekaru suka ja. Majiyyata masu irin ramar nan suka yi ta ƙaruwa a asibitin, yanzu kuma ciwon ya sami suna, ƙanjamau. Duk wanda Mas'udu ya je karɓar jininsa, sai ya ga kamar idon Yazid ne ke kallonsa.

Wata safiya a farkon 1998, yana shan koko a gidansa na Tudun Wada, ya ji a rediyo cewa masana sun gano ƙwayar cutar a jinin wani mutum da aka ɗiba a Kinshasa tun 1959. Suna kwatanta ta da ta yanzu don su ga yadda ta sauya, su kuma kimanta lokacin da ta shiga jikin mutane. Ba a san sunan mutumin ba. Mas'udu ya ajiye ludayi. Ashe abin da aka ajiye yana iya ba da labari bayan mai shi ya tafi.

Daga ranar, in ya gifta ɗakin ajiya da rana tsaka sai ya ji kamar ana tari a ciki. Ya kan buɗe, ya tarar da kabad da yanar gizo kawai. Wani tunani kuma ya hana shi sakat: akwai wani yanki na jikin wansa da ba a yi wa wanka ba, ba a kai shi kushewa ba.

Bayan sallar layya wata likita ta zo daga jami'a, Dakta Hafsatu Dalhatu, tana bin tsofaffin asibitoci tana neman irin wannan ajiya. Aka haɗa ta da Mas'udu. Ta daɗe tana zaɓe a kabad. Da ta gama, ya miƙa hannu ƙurya ya ciro ƙyallen.

"Likita, wanga na yayana ne."

Ta dube shi, ta zauna a kan benci. Ya ba ta labarin duka, har da na Wasila.

"Malam Mas'udu, aikinmu ba na gano ciwon mutum ɗaya ba ne. Kuma in an ga ƙwayar, ka san abin da za ka kai wa mahaifiyarka?"

"Na sani. Amma an kira 'yar mutane mayya, ta mutu da sunan."

Ta karɓa da hannu biyu.

Sai da wata damina ta zagayo sannan Dakta Hafsatu ta dawo. Tun daga gaisuwa ya gane babu labari mai daɗi.

"Zafin ɗakin nan ya cinye komai," in ji ta. "Abin da muke karantawa a cikin tsokar ya ruɓe. Ba zan ce shi ne ba, ba zan ce ba shi ba ne. Alamun da ka faɗa sun yi kama, amma tarin fuka ma yana yin haka."

Ta dawo masa da ragowar. Ya kai Kekun Waje, ya nemi shawarar liman, suka binne a gefen kabarin Yazid. Inna Yelwa ta riga ta rikice da tsufa, bai faɗa mata ba.

Ranar Juma'a ya hau mota zuwa Tsafe, ya yi tambaya har aka nuna masa gidan Delu, mahaifiyar Wasila. Ya same ta a zaure tana ɓarar gyaɗa. Da ya faɗi ko shi wane ne, hannunta ya tsaya. Ta sa aka kawo masa ruwa.

"Mi ya kawo ka bayan shekarun nan?"

"Inna, na zo in ce maki ba Wasila ba ce ta cinye su."

Delu ta ce, "Har ranar da za ta cika tana tambayata, 'Inna, ko dai ni ce na cinye su ban sani ba?' Ni kuma ban san mi zan ce mata ba." Ta ɗago ido. "Likita ne ya faɗa?"

"A'a, Inna."

"To wa ya faɗa?"

Delu ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, Mas'udu kuma ya zauna riƙe da kwanon ruwa har aka kira la'asar.