Sauran Furar Baƙi

Jama'a, yau na gano mai shafin nan da nake turo muku rubutunta. Wallahi har yanzu ji nake kamar a mafarki nake.

Kun tuna ta ai. Matar da ba suna ba hoto, kullum sai labarin ɗanta da ke aiki a birni. Shekara biyu ina karanta ta, ina cewa ina ma ni ne ɗan nan.

To ɗazu na je gida, ƙauyenmu Gude. Kun san ni ɗan fari ne, mu kuma kunyar Fulani har gobe. Innata duk da ta yi koyarwa a firamare, ba ta taɓa kama sunana ba. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon awaki.

Can sai ta miƙo min wayarta. "Kai, duba min, rubutun ya ƙanƙance."

Ina buɗewa sai ga shafin! Ga abin da ta fara rubutawa: "Yau zai zo. Tun asuba na dama furar da yake so, amma zan ce ta baƙi ce ta rage."

Na ƙara girman rubutun, na mayar mata da wayar.

Ta turo min ƙwarya. "Ga sauran furar baƙi nan, in za ka sha."

Na kashe wayata, na zauna gindin darbejiya ina sha a hankali, ita tana can nesa tana tsintar wake.

Yanzu a motar Gwarzo, a hanyar komawa birni, na leƙa shafin. Layi ɗaya ta ƙara: "Ya shanye duka."