Bunsurun Ƙetare da Akuyar Bayan Layi

Kwana Talatin ake kiransa, har jikokinsa da wannan suna suka san shi. Sunan kuwa daga bakinsa ya fito. Shi ne malamin dabbobi mai kula da tashar killace, wato garken gwamnati da ke bayan filin jirgin sama, inda ake tsare duk dabbar da aka shigo da ita daga ƙetare har a tabbatar ba ta zo da cuta ba. Duk wanda ya zo karɓar dabbarsa, mai babbar riga ne ko mai kwat, amsa ɗaya yake samu: "Kwana talatin." In mutum ya ce sauri yake yi, sai ya ce, "To, kwana talatin cikin sauri."

Ya kama aiki yana da shekara ashirin da biyu, a hannun wani tsohon likita da bai yarda da kowa ba sai ma'aunin zafi da agogo. A wancan zamani tashar tana da fenti fari, ana share ta sau biyu a yini, kuma a bakin ƙofa akwai kwamin siminti cike da ruwan magani, wanda ba mai wucewa sai ya tsoma takalmansa a ciki. An taɓa ganin babban darakta tsaye a kwamin nan, ya tattare wando, yana jiran likita ya ce ya isa. Da likitan zai bar aiki, abu uku ya bar wa almajirinsa: ma'aunin zafi a akwatin katako, rula mai bakin tagulla, da magana guda: "Abin da idonka ya gani, shi hannunka zai rubuta."

Inda ake rubutawar shi ne littafin tasha, babba mai baƙin bango. Kowace dabba da shafinta: ranar shigowa, lambar da ke kunnenta, zafin jikinta safe da yamma, cinta da shanta da kashinta. Cikin shekara talatin da huɗu Kwana Talatin ya cika littafi goma sha ɗaya, ba kankara, ba layin da aka ja ba da rula ba. Bai gina gidan sama ba, bai sayi mota ba. Abin da ya tara shi ne wannan: babu cutar da ta taɓa fita ta ƙofar nan da sa hannunsa, kuma babu ƙarya ko ɗaya a cikin littattafan.

Takardun da dabba take zuwa da su kullum suna ba shi sha'awa. Akwai izinin shigowa, da shaidar likitan gwamnatin can cewa garken da ta fito ba cuta, da katin rigakafi, da sakamakon gwajin jini, kowace da hatimi biyu ko uku. Shi kansa ko takardar haihuwa ba shi da ita. Ranar ɗaukar aiki kintatar shekarunsa aka yi, aka sa ya buɗe baki kamar rago.

Zamani ya juya, fenti ya ɓaɓɓare, sababbin ma'aikata suka koyi tsallake kwami don kada takalmansu su ɓaci. Shi dai kowace Litinin yakan zubar da tsohon ruwa ya dama sabo.

Saura kwana arba'in ya yi ritaya aka sauke wani bunsuru daga jirgi, fari fat, ba ƙaho, girmansa ya kusa na ɗan maraƙi. Mai shi kuwa ba baƙo ba ne. Yayan matarsa ne, tsohon direban babbar mota, wanda ɗansa da ke aiki a ƙetare ya aiko masa da shi, wai 'ya'yan irin wannan bunsuru nono suke zubarwa kamar famfo. Direba ya iso tashar da igiya a hannu, yana tafiya irin ta mai uwa a gindin murhu.

"Suruki, na zo ɗaukar baƙona."

"Yaya, kwana talatin."

"Har ni?"

"Ba kai ba, bunsurun. Kai kana iya tafiya yanzu."

Direba ya kalli igiyarsa, ya kalli surukinsa. "Da na san haka kake, da ranar neman auren ƙanwata na ce maka kwana talatin."

"Ai wata bakwai ka sa na jira, Yaya."

Daga ranar dangi suka mai da tashar asibiti. Sai su zo da yamma da ɗanyen ganye a buhu, a tsayar da su a bayan wayar shinge, su tsaya suna yi wa bunsuru sannu da jiki. A gida ma maganar ke nan. Matarsa, uwar yara, takan ce, "Malam, an ce bunsurun ya rame."

"Ya ƙaru da kilo biyu. Yana rubuce."

"Kai kome yana rubuce. Zumunci a wane shafi yake?"

Ranar kwana na ashirin da shida aka kira shi babban ofis ya cika takardun ritaya. Ya auna bunsuru da safe, ya kulle akwatin ma'auni, ya tafi. Da ya dawo ƙarfe ɗaya da kwata, ya tarar da tasi a gindin bishiyar bakin ƙofa, mai gadi kuma ya duƙufa yana gyaran tocilar da ba ta lalace ba. A gefen kwami, kan busasshiyar ƙasa, ga sawun ƙananan kofato sun kewaye ruwan maganin.

Ya bi sawun har ɗaki na uku. Wata jar akuya mai karyayyen ƙaho ce a ciki tare da bunsuru, tana cin harawar gwamnati hankali kwance. Direba yana zaune a kan kifaffen bokiti, fuskarsa cike da annuri kamar waliyyin ango.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Akuyata ce. Lokacinta ne ya zo, tun jiya ta hana unguwa sakat da kuka. In na bari ya wuce sai wani jiƙon."

"Kwana huɗu fa ya rage."

"To je ka faɗa mata. Akuya ta san kalanda ne?"

"An gama?"

"Sau biyu," in ji Direba da alfahari. "Ɗan ƙetaren nan ba ya wasa da aiki."

Kwana Talatin ya jingina da ƙofa. Doka a fili take: dabbar da ke killace in ta haɗu da wata, lissafi ya koma farko, kuma wadda ta shigo ita ma ba ta fita. In ya rubuta, bunsuru zai ƙara wata guda, akuya ta maƙale, shi kuma ya karɓi takardar tuhuma ta farko a rayuwarsa, saura mako biyu ya ajiye aiki. In bai rubuta ba, ga mai tasi can yana jiran ya mayar da akuya gida.

Direba ya karanci fuskarsa. "Wa ya gani? Ni da kai da mai gadi, sai su biyun. Su kuma ba sa magana."

"Littafi yana magana."

"Littafi ai sai abin da ka faɗa masa, suruki."

Kwana Talatin ya ɗauko ma'auni ya auna akuyar, ya buɗe bakinta, ya kasa kunne a haƙarƙarinta. Sannan ya shiga ofis ya rufe ƙofa. Ya daɗe zaune gaban shafin, alƙalami a hannu, yana jin direban tasi yana danna oda a waje. Daga bisani ya ɗora rula ya ja layi, ya rubuta: "Ƙarfe goma sha ɗaya, bisa faɗar mai gadi, jar akuya ta gida ta shiga ɗaki na uku ba tare da izini ba. An yi barbara. Tana tari kaɗan-kaɗan. Ƙofa a ƙarƙashin kulawata take. Lissafi ya koma kwana na ɗaya." Ya sa hannu, ya fita ya sallami tasi.

Labari ya riga shi isa gida. Uwar yara tana tsakar gida tana ninke wanki, ba ta ɗago ba.

"Malam, yayana ka rubuta a littafin gwamnati?"

"Akuyarsa na rubuta."

"Mutumin da ya goya ni, ya kai ni makaranta a kafaɗa?"

"Ba a tambayi wannan a shafin ba."

Da lokacin cin abinci ya yi, sai ya ji an ajiye kwano a bakin ƙofar ɗakinsa, an juya. Ya leƙo ya ce, "Har yaushe ke nan?"

"Kwana talatin," in ji ta. "In ka yi mini magana a tsakani, lissafi ya koma farko."

Kwana shida bayan haka, da safe, ma'auni ya nuna arba'in da ɗaya a jikin bunsuru. Hancinsa yana yoyo, ya juya wa harawa baya. Kwana Talatin ya girgiza ma'aunin ya sake gwadawa, lamba ba ta sauya ba. Ya rubuta, ya buga wa babban ofis waya.

Ofishin da yakan yi wata uku bai amsa wasiƙa ba, ranar cikin awa biyu ya turo mota. Mutum huɗu suka sauko cikin fararen kaya har fuska, da jarkar fetur da shebur, a gabansu wata likita mai tabarau. Duk huɗun suka tsallake kwami. Likitar ce kaɗai ta tsoma ƙafa, da ta ga yadda tsohon yake kallonta.

"Baba, ka san ƙa'ida," in ji ta. "Dabbar ƙetare in ta kwanta da zazzaɓi a killace, ba ma jira. A yanka, a ƙone, a binne."

Direba, wanda ya biyo motar a kan babur, ya riƙe wayar shinge da hannu biyu yana salati.

"Na sani, Likita," in ji Kwana Talatin. "Amma kafin a zuba fetur, a duba shafi na tamanin da bakwai."

Ta karanta a tsaye, ta koma baya ta bi layin zafin jiki na kwana ashirin da shida, safe da yamma, ba inda ya motsa. Ta sa yatsa a kan "tana tari kaɗan-kaɗan".

"Ina akuyar?"

Aka nuna mata. Jar akuya ta dube ta, ta yi tari sau biyu, ta ci gaba da tuƙa.

"Ku mayar da jarkar mota," in ji likita. "A ɗebi jinin su biyun."

Sakamako ya fito bayan kwana uku. Ba baƙuwar cuta ba ce, murar awaki ce irin wadda rabin awakin gari suke yawo da ita a bola ba ta hana su kome ba. Allurar kwana biyar ta tashi bunsuru. Shekara talatin da huɗu Kwana Talatin yana tsare ƙasa daga dabbobin ƙetare, bai taɓa kawo wa ransa cewa wata rana dabbar ƙetare ce za ta nemi a tsare ta daga ƙasa ba.

Ranar ban kwana aka jera kujeru a gindin bishiya, aka raba lemo. Wakilin babban ofis ya miƙa masa ambulan guda. A ciki akwai takardar yabo kan riƙon amana, da takardar gargaɗi kan sakaci da ƙofa, duka biyun da sa hannun mutum ɗaya. Ya karanta su a nutse, ya lura an yi kuskure a kwanan watan ta yabon, ya gyara da fensir.

Bunsuru ya cika kwanakinsa ya fita. Akuya ce ta zama aiki. Sabon jami'in da ya gaji tashar ya zaro takardar sallama ya ce wa Direba, "Lambar izinin shigowa?"

"Ba ta da shi. A tasi ta zo."

"Ƙasar asali?"

"Bayan layinmu, kusa da mai faci."

"Baba, sai ka kawo shaidar lafiya daga gwamnatin ƙasar da ta fito."

"Ɗana, ai ku ne gwamnatin ƙasar da ta fito!"

"Mu ba ma ba da shaidar fitowa. Karɓa muke yi."

Wasiƙu suka hau sama, aka kafa kwamiti, kwamiti ya zauna sau uku. A ƙarshe aka yanke cewa tun da ba a shigo da ita ba, ba za a iya sallamarta ba, tun da kuma tana ciki, to kayan tasha ce. Aka shigar da ita jerin kayan aiki tsakanin baro da bokitai, aka rubuta mata lamba da fenti a cinya. Bayan wata biyar ta haifi tagwaye farare masu jan wuya, aka buɗe musu fayil don a tantance ko rabinsu na ƙetare ne. Fayil ɗin bai dawo ba tukuna.

A gida kuwa uwar yara ta cika alkawarinta daidai, ba ragi. Ranar kwana na talatin ta shigo da kwano har ciki, ta ɗora bayan hannunta a goshinsa, ta ce, "Zafin ya sauka. An sallame ka."

Da aka kwana biyu ya shirya ya je gaida Direba. Tun daga nesa ya hango mutane a ƙofar gidan, kowa riƙe da akuyarsa, ana jiran layin bunsuru. Direba yana tsaye yana kasa kunne a haƙarƙarin kowace, mai tari ya kore ta. A bakin ƙofa ga wani tsohon daro cike da ruwan magani.

Kwana Talatin ya yi sallama zai shige, Direba ya tare shi da sanda.

"Suruki, takalmi."

Ya tattare wando, ya tsoma dama, ya tsoma hagu. Sannan ya duƙa ya shanshana ruwan, ya ce, "Yaya, maganin ya yi kaɗan. Murfi biyu ake sa wa bokiti."