Kasuwar da Ba Ta Tashi

Kullum da safe, kafin mai askin da ke maƙwabtaka da shi ya gama share ƙofar shagonsa, Baba Mai Kaset ya riga ya buɗe nasa. Shagon ɗan tsugul ne: benci ɗaya, kanta cike da kaset-kaset da ba mai tambayarsu yanzu, tsohuwar talabijin mai ƙeya, da bidiyon da ya girmi yawancin masu wucewa ta layin. Kafin ya taɓa aikin kowa sai ya yaye ƙyallen da ya lulluɓe bidiyon, ya kwance murfinsa, ya jiƙa auduga da sifirit ya goge kan bidiyon a hankali, kamar mai wanke wa jariri ido. Bayan haka ne yake juyawa kan rediyo da rimot da fitilun da aka kawo gyara, don su ne abincinsa tun da duniya ta daina kallon kaset.

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, 'yarsa kuma ta kafe sai ya koma wajenta ya huta. Shi ya sa na ga bai kamata mu bari ya ja ƙofar nan shiru ba, kamar wanda bai yi mana komai ba.

Sai na fara da wani tsohon fim da ke cikin kaset-kaset ɗinsa, don wanda bai san shi ba zai yi mamakin yadda manya masu furfura suke ɗaga jijiyar wuya a kansa. Gaskiya ba wani fim ne na a zo a gani ba. Akwai inda makirfo yake leƙowa daga sama, akwai inda mugun ya mutu amma cikinsa yana ta numfashi. Lokacin da ya fito ma ba wanda ya kula shi. A hankali ya shiga ran mutane, har aka haddace maganganunsa, ana jifan juna da su a wajen hira. Mu kuma mutanen wannan unguwa muna da namu dalilin daban. Akwai wurin da jarumin yake ratsa kasuwa yana neman ƙaninsa da ya ɓata, kuma a tsohuwar kasuwarmu aka ɗauka. Masu fim ɗin ba su kori kowa ba, shigowa kawai suka yi da kyamararsu daga wannan ƙofa zuwa waccan. Duk wanda ya ci kasuwa ranar ya shiga ciki. Yau an rushe kasuwar an yi shaguna na bulo, mafi yawan mutanen kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Fim ɗin yana yawo a wayoyi, amma kwafin kwafi ne, fuskokin jama'ar da ke baya duk sun narke. Kaset ɗin Baba kaɗai ya rage da ake gane mutum a ciki. Kuma Baba ya san su kaf, rumfa-rumfa.

Direban tasin da ke tsayawa a bakin layi yana goye mahaifinsa ya rasu, ko hotonsa bai taɓa gani ba. Wata rana ya kawo gyaran rediyon motarsa, Baba ya dube shi ya tambayi ɗan gidan wa ne. Da ya ji, sai ya sa kaset, ya tariyo, ya tsayar. Ya ɗora yatsa a kan wani mai sayar da igiya da ke sosa ƙeya da hannun hagu. Mai aski yana wurin, ya ce direban ya daɗe a tsaye, kuma duk tsawon lokacin hannunsa na hagu yana kan ƙeyarsa bai sani ba. Malamar makarantar bayan layi takan kawo 'ya'yanta su ga kakarsu tana cinikin kwano, tana tafiya ana kiran ta, tana dawowa. Malamar takan ce ko a gaban kyamara Inna ba ta yarda da farashin farko ba, ta yi dariya, sannan ta goge ido da bakin gyale. Irin waɗannan ba su ƙirguwa. Baba bai taɓa cewa wani ya dawo gobe ba.

Kai ne mai tsayar mana da kasuwa, Baba. Kai ne ka sa marayan da ya girma ya san yadda ubansa yake tsayuwa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne zaren kaset cinyewa yake yi. Duk tariyowa, duk tsayarwa, sai ta kankare wani abu, hoton ya ƙara yayyafi. Kuma a daidai wannan wurin da ake ta tariyowa maiɗakinsa take. Tana amarya a lokacin, riƙe da sabon bokiti. Tana zuwa tsakiyar hoton sai ta waiwaya, ta kalli gefe inda ba a ganin kowa, ta yi dariya, ta yafito da hannu. Shi take kira. Tare suka je kasuwar, amma da ya hango kyamara sai ya yi tsalle ya laɓe bayan buhuna, wai kayan aiki ne a jikinsa duk baƙin mai. Ta yafito shi, ya maƙe kafaɗa, ta wuce ita kaɗai. Hoton aurensu guda ɗaya ne, ruwan da ya taɓa shiga ɗakinsu ya cinye shi. Tun da ta rasu, wannan waiwayen shi ne abin da ya rage masa, kuma yana kewarta kewa mai tsanani, ba ya ɓoyewa.

Mai aski ya sha ba shi shawara ya kulle kaset ɗin a akwati, ya ce wa masu zuwa bidiyo ya lalace. Baba ya ce, "In na hana yaro ganin ubansa don in adana tawa, da wane ido zan kalle ta?"

Ana cikin haka labari ya zo cewa za a sake fim ɗin sabo, da sababbin jarumai. Ranar bencin shagon ya rabu biyu. Mai aski ya ja masu cewa ba su yarda ba, hujjarsa da tsohuwar zuma ake magani, kuma yaran yanzu za su wanke fim ɗin tas har ya rasa ɗanɗano. Telan da ke tsallaken titi ya ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, jikokinsa ba sa iya zama su kalli mugun da ya mutu yana numfashi. Aka yi ta ja-in-ja kan wanda zai iya tsayawa a matsayin jarumin, har wani ya kawo shawarar a bar makirfon ya ci gaba da leƙowa don girmama na da. Abu kamar wasa, tela ya koma aski a wata unguwa, ya dawo da kai kamar an yi masa da wuƙar yankan albasa, mai aski ya samu abin tsokana na mako guda. Kowa ya ɗauka Baba ne zai zama shugaban masu ƙi. Shi kuwa kansa a sunkuye yana ta liƙa waya.

Sai ga daraktar sabon fim ɗin da kanta ta zo, matashiya, duk ta rame saboda zagin da take sha a waya. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ce an faɗa mata shi kaɗai ke da kasuwar a fili, tana roƙon ya ba ta kaset ɗin a zuba shi a na'ura, ita ta ga yadda aka yi, jama'a kuma su samu kwafin da ba ya cinyewa. Ba ta ɓoye masa ba: ma'aikacinta ya ce zaren ya bushe, zai iya tsinkewa a hanya, in ya dagargaje kuma shi ke nan.

Baba ya ce ta ba shi kwana biyu. Mai aski ya ce a kwanakin nan bai kunna bidiyon ba ko sau ɗaya, sai dai ya ɗauko kaset ɗin ya ɗora a cinya, yana shafa shi da babban yatsa. Tsoro yake ji, kuma ya faɗa da bakinsa. Amma ya san ido yana tafiya, shago zai rufe, kuma in ya tafi da shi gidan 'yarsa, ya tafi da iyayen mutane. Da ta dawo ya naɗe shi a ƙyallen bidiyon ya miƙa mata da hannu biyu. Ya ce, "'Yata, mutane ne a ciki. Ki riƙe su da kyau."

Zaren bai tsinke ba sai bayan an wuce wurin kasuwar a fim ɗin. Da aka kawo sabon kwafin, aka taru a shagon har waje. Mai igiya ya fito sarai, Inna mai cinikin kwano ma haka. Amma na'ura abin da ta tarar shi take ɗauka. Inda amaryar take, a nan zaren ya fi cinyewa, don can Baba ya fi tsayarwa in ya rage shi kaɗai. Fuskarta ta tafi, sai bokitin da hannun da ke yafitowa. Daraktar ta fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mata hannu.

"Fuskar tana nan wajena," in ji shi. "Hannun nan kuwa, ai ni yake kira."

A nan ne ya yi maganar da aka daɗe ana jira. Ya ce wa 'yan benci ba jarumin suke kishi ba, kasuwar suke kishi, kuma kasuwa ba ta cika sai da mutane. Ranar da za a ɗauki sabon, kowa ya fito da iyalinsa ya tsaya a baya, don wata rana wani yaro zai zo neman yadda ubansa yake sosa ƙeya. Mai aski bai sauka daga ra'ayinsa ba, har yau yana cewa sabon ba zai kama ƙafar tsohon ba. Amma ranar shi ya fara zuwa, kuma shi ya gyara wa tela kansa kyauta don kada jikoki su gan shi a haka.

Baba ya zo da kayan aikinsa, masu baƙin mai. 'Yarsa ta so ya sa babbar riga, ya ƙi. Da aka ce a fara, muna kallo ya fito daga bayan wasu buhuna a hankali, ya taka zuwa tsakiyar hoto, ya tsaya. Ya kalli gefe inda ba kowa, ya ɗaga hannu ya amsa.

Mun gode, Baba. Kai ne ka bari taka ta dusashe don namu su fito. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya, ya jiƙan mai bokiti. Mu kuma da muka rage, duk wanda yake riƙe da wani abu na mutane, hoto ne ko labari ko murya, ya yi koyi da kai ya fito da shi tun ana iya gane fuska. Kuma in naka ya yafito ka, ka je tun hannun yana ɗage.