Buhu Biyar a Motar Birkila

Ni mai walda ne, shekara ashirin da shida ina ƙona ƙarfe a rumfa ɗaya. Na ga masu mota iri-iri, amma ban ga wanda mota ta hana zama kamar Birkila ba.

Shagona da gidansa katanga ɗaya ce ta raba. Magini ne, yana da injin kwaɓa siminti mai taya biyu, wanda sai an ja shi da mota zuwa wurin aiki. Mutum ne gajere mai kauri, kullum da tef ɗin awo a aljihu, ko zaune yake ƙafarsa ɗaya tana rawa. Idan ya shigo rumfata ba ya zama a benci. Ya taɓa wannan, ya ɗaga wancan, ya tambayi abin da ya riga ya sani. Yaya yake ce mini, ko da yake ba abin da ya haɗa mu sai katangar nan.

Shekara tara da suka wuce yana da wata tsohuwar mota. Ya ɗaura mata injin a baya, babbar 'yarsa tana gaba, lokacin shekararta huɗu. A wata gangara birki ya tafi ƙasa, injin ya riƙa tura motar. Allah ya sa akwai tulin yashi a bakin hanya, ya karkata ya daka masa. Yarinyar ta bugi gilashi, har yau tabon yana saman girarta. Ni na yanka motar na sayar masa da ƙarfen. Bai taɓa ba ni labarin ranar ba, ni ma ban tambaya ba, a bakin mutane na ji. Daga nan dai iyalinsa ba su ƙara shiga motar da yake tuƙawa ba.

Da ya tashi sayen wata, shekara guda ya yi yana nema. A-kori-kura yake so mai ƙofa huɗu, wadda za ta ja injin ranar aiki, ta ɗauki iyali ranar hutu. Dillalai sun gaji da shi. Su nuna masa fenti da kujeru, shi kuwa ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da tocila. Yana ƙwanƙwasa ƙashin motar da guduma ya ji ko tsatsa ta ci. Ya ƙirga sifirin, ya shafa bayan taya ya ga ko man birki na tsatsafowa. Wata an yi mata walda a ƙasa an shafe da baƙin fenti, ya ja ni na gani, na ce aikin banza ne, muka tafi. Wata ya ce ta yi tsawo da yawa, tsohuwa ba za ta iya hawa ba, har ya auna da tef. Wani dillali ya ce masa ko mata yake nema ai da yanzu an yi suna.

Wadda ya saya fara ce, muninta ya isa, ƙofar baya ɗaya ba launinsu ɗaya da sauran ba. Amma ƙasanta lafiya lau, giyarta ba ta tsalle, injin ba ya hayaƙi. Ni na yi mata ƙugiyar ja. Na ɗaure ta da noti shida a jikin ƙashin motar, na ƙara sarƙa biyu, ko da ƙugiyar ta saki. Ya sa na kwance na sake sau biyu. A na uku na ce masa in ya ƙara taɓa aikina zan walde masa ƙofar gida yana ciki.

Tsohuwar da yake aunawa surukarsa ce, mahaifiyar matarsa. Ita kaɗai take zaune a wani ƙauye bisa tudu, tafiyar awa uku. Motocin haya a gindin tudun suke tsayawa, daga nan sai babur, ita kuwa ƙugunta ya daina yarda da babur. Daminar bara rabin rufin ɗakinta ya rufta. Aka yi da ita za ta dawo gidan Birkila kafin wani ruwan ya sauka, har ya gina mata ɗaki. Sharaɗinta ɗaya, ba za ta bar gadonta da akwatunanta da injin markaɗenta ba. Don haka na ƙera masa 'yar tirela mai taya biyu.

Mota ta samu, tirela ta samu, ɗaki ya samu. Sai tafiya ta ƙi.

Wata safiya ya kwashi iyalin a ƙafa zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya ɗora kowa a sikeli. Matarsa, wadda muke kira Uwar Biyu, ta hau tana rufe fuska don kunya. Aka auna babbar 'yar, aka auna ƙannenta tagwaye. Ya dawo ya cika buhuna da yashi daidai nauyin kowa, ya rubuta sunan kowa a jiki da fenti. Na tsohuwa ya yi kirdado. Buhu biyar ke nan. Duk ranar hutu sai ya zaunar da su a kujeru, ya ɗaure kowane da bel, ya loda bulo a tirela, ya tafi har tudun nan, ya hau ya sauko. Bai taɓa ƙarasawa ƙauyen ba, don kada tsohuwa ta gan shi ta ce a tafi.

In ya dawo kuma sai gyara. Yau ya ji ƙara a tayar hagu. Gobe ya juye baƙin mai da bai yi rabin kwanansa ba. Ya wanke lagireto, ya canza man birki, ya sa hannu a kowace taya ya ji zafinta. Bakaniken layinmu ya daina karɓar motar, ya ce shi marasa lafiya yake dubawa.

Unguwa ta samu abin dariya. Uwar Biyu takan leƙo ta katanga ta tambaye ni ko buhunta ya dawo lafiya, ta ce ya fi ta ganin duniya. Tagwayen suka yi wa nasu idanu da gawayi. Bayan wata huɗu Birkila ya lura yaran sun ƙara girma, ya kwance bakin buhunan ya ƙara yashi.

Dariyar ta ƙare ranar da aka wayi gari da hadari a gabas. Bai yi ruwa ba, amma kowa ya ji ƙanshinsa. Ina cikin yanka ƙarfe na ji ana jan abu a ƙasa. Na leƙa, sai ga Uwar Biyu tana jan buhunta daga mota, ita da babbar 'yar. Suka yar da shi a bakin ƙofa, suka koma suka jawo sauran. Sannan ta shiga ta zauna, ta sa yaran suka shiga, ta ja ƙofa.

Birkila ya fito da sifana a hannu. Ya ce saura gwaji ɗaya, akwai wata 'yar ƙara da yake son ya gano.

"Baban yara," in ji ta, "uwata tana kwana tana kallon sama ta cikin rufi. In ka ga dama ka ƙara mini yashi a nan inda nake, amma ba zan sauka ba."

Ya zagaya motar sau biyu. Ya zo rumfata ya tsaya, ƙafar tana rawa. Na kashe injin walda, na ɗauki jakar kayan aiki da wani guntun katako na tare taya, na haye bayan motar.

Zuwa ba mu sha wahala ba, sai dai tsayawa. Sau biyar ya tsaya ya taɓa tayoyi. Ɗaya daga cikin tagwayen ya yi amai, ɗayan ya nemi fitsari, abin da buhu bai taɓa yi masa ba. Muka hau tudun a giya ta ɗaya, muka isa kafin rana ta take.

Tsohuwa tana zaune bisa akwati a ƙofar gida, 'yar ƙarama, ta riga ta ɗaure komai tun watanni. Ta dubi motar sama da ƙasa, ta ce ashe da gaske akwai ta, ita ta ɗauka labari ne. Birkila ya durƙusa ya gaishe ta, yana tashi ya shige ƙarƙashin mota. Ni kuma na tafi kwance ƙafafun gadon. Maƙwabta suka taru suka yi lodi da zuciya ɗaya. Sun sa katifa da kwanuka da buhunan tufafi a gaba, injin markaɗen kuwa, da yake shi ya fi nauyi kuma shi aka ɗauko a ƙarshe, suka ajiye shi can wutsiyar tirela, suka rufe da tamfol. Daga ni har shi ba wanda ya ɗaga tamfol ɗin. Laifina ne kamar yadda yake nasa.

Tsakanin ƙauyen da bakin gangara akwai miƙaƙƙiyar hanya. Yana sa giya ta uku na ga tirela ta fara kaɗa gindi, hagu, dama, hagu, kowane kaɗawa ya fi na baya. Motar kanta ta soma bin ta. Na buga rufi da tafin hannu. Bai taka birki da ƙarfi ba, ya ɗaga ƙafa daga mai, ya bar ta ta lafa da kanta. Wannan kam ya yi daidai. Muka tsaya ana ganin bakin gangarar.

Da muka yaye tamfol ya ga injin, sai ya zauna a ƙasa. Wata shida yana jera bulo da hannunsa, nauyi a gaba, bai taɓa tunanin wani zai yi masa lodi ba. Muka sauke komai a bakin hanya. Muka tura injin gaban tayoyin tirela, muka ɗaure shi da igiya ta kusurwa huɗu, kayan marasa nauyi suka koma baya. Na tsaya a kan ƙugiya na yi tsalle, ta zauna daram. Muna wannan iska ta taso, hadarin ya haɗo baƙi ƙirin. Hanyar tudun jar ƙasa ce, in ta jiƙe ko babur ba ya bin ta.

Sai Birkila ya buɗe ƙofofi ya ce kowa ya sauka. A taka gangarar da ƙafa, shi zai sauko da motar shi kaɗai. Tsohuwa kuma ni zan goya ta. Na ce masa bayana ba tirela ba ne, amma in ya zama dole zan yi. Idonsa yana kan goshin 'yarsa.

Tsohuwa ba ta motsa daga kujerar gaba ba.

"Ɗan nan," ta ce, "an ce mini ni ma ina da buhu a gidanka. Sau nawa ka sauko da shi ta nan?"

"Ya kai ashirin, Inna."

"Goya shi ake yi?"

"A'a."

"Ya taɓa fashewa?"

Ya girgiza kai.

"To ni ban kai shi nauyi ba. Rufe mini ƙofa, iska tana shigar mini kunne."

Babbar 'yar, wadda ta riga ta sauka, ta koma ciki ta zauna a bayan kujerar ubanta, ta ja bel ta ɗaura. Uwar Biyu ta tura tagwayen ta bi su. Ɗigon farko ya faɗo a kan gilashi.

Birkila ya tsaya har na fara tunanin zan karɓi makullin, ni da ban iya tuƙi sosai ba. Sannan ya shiga. Ya ce in bi gefen tayar baya da katakon, in na ga motar ta ƙwace in jefa. Na san katako ba zai tare mota da tirela a gangara ba, shi ma ya sani, amma na ɗauka.

Ya sa giya ta ɗaya ya bar injin ya riƙe ta. Birki kuwa taɓawa yake yi ya saki, taɓawa ya saki, yadda ya yi wa yashi sau ashirin. Ina tafe a gefe ina jin injin yana gurnani, ina shinshina ko zan ji ƙaurin birki. Babu. A kwana ta biyu tirela ta biyo salin-alin. Ta taga ina jin tsohuwa tana yi wa tagwayen tsiya, wai wanda ya yi amai ba zai gaji injin markaɗenta ba. A kwana ta uku gwiwata ta gaza, motar ta wuce ni, na tsaya riƙe da katako kamar wawa ina kallon jar fitilar bayanta tana kamawa tana mutuwa.

Na same su a gindin tudu ruwa ya fara sosai. Birkila yana tsugune yana taɓa tayoyi ɗaya bayan ɗaya, rigarsa sharkaf. Ya ɗago ya ce mini ta gaban dama ta fi sauran ɗumi kaɗan. Na ce ya tashi mu tafi kafin in yi masa abin da zan yi nadama.

Yanzu tsohuwa tana ɗakinta, injin markaɗenta yana damun mu da ƙara tun safe. Dokin ƙofar ɗakin ya yi mata tsawo, sai Birkila ya farke buhunan nan biyar, ya kwaɓa yashin da siminti ya yi mata matakala biyu. Ranar hutu motar tana fita da mutane a ciki, ana jin faɗan tagwayen a kan taga har ƙarshen layi.

Shi dai bai canza ba. Jiya ma ya shigo rumfata da sifana, bai zauna ba, ya ce in zo in saurari wata 'yar ƙara a tayar gaban dama. Na je na saurara. Ban ji komai ba, amma na kwance tayar na duba.